Sunan da Baki Ya Ƙi Kira

A zamanin da, tun kakan kakana bai san hanyar kasuwa ba, an yi wani sarki da ƙarar barori da iyayen gidansu ta hana shi sakat. Sai ya naɗa dattawa uku su riƙa raba gardamar. Waziri ya tsara rantsuwa: kowannensu zai dubi mai ƙara da wanda ake ƙara ido da ido, ya kira kowa da sunansa, ba sani ba sabo. Wanda ya karya, ya bar gari.

Jatau maɗinki, ɗaya daga cikinsu, ya rantse yana hura hanci. Ko rawaninsa bai gama zama ba sai ga ƙarar farko: Gambo mai karofi ya kori Nomau, yaron rininsa, wai ya ɓata shuni. Gambo kuwa surukin Jatau ne, uban matarsa.

Jatau ya shiga, ya fita, ya zauna, ya miƙe. Matarsa ta ce, "Malam, ko cinnaka ne a wandon?"

"Ina ma shi ne! Ya zan dubi Baba in kira sunansa gatsal?"

Ranar zama fada ta cika. Waziri ya ce, "Jatau, kira su."

"Nomau!" Wannan ya fita garau. Ya juya wajen surukinsa, idonsa ya faɗi ƙasa. "Ga... ga... gafara dai, Baba."

Fada ta kwashe da dariya. Jatau ya faɗi gaban sarki. "Allah ya ba ka nasara, mutumin da bakina ya kasa kira, ba zan iya kayar da shi ba. A cire ni a wannan shari'a, kafin in karya rantsuwa."

Waziri ya yi murmushi. "Don haka aka sa kiran sunan. Cindo, saura kai."

Cindo, dattijo na biyu, ya kira Gambo da ƙarfi. Ya dubi Nomau, ya yi tari, ya ce, "Kai... wannan yaron."

Ashe Nomau ɗan farinsa ne, Cindo ya ɓoye zancen ya zo ya tsaya masa!

Sarki ya kori Cindo daga gari, ya kawo baƙi biyu da ba su da kowa, suka zauna da dattijo na uku. Aka bincika, ashe ruwan sama ne ya shiga karofi. Nomau ya koma aikinsa, Jatau ya riƙe rawaninsa.

Da yamma Gambo ya aika wa Jatau da baƙar riga, rinin Nomau, ya ce a gaya masa: "Da ka kira sunan nan, da 'yata ta kwana a gidana."