Dorina Ta Bar Tafkin Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gandun daji an yi wata tsohuwar Dorina mai taurin kai, tana zaune a tafkin da aka haife ta. Ƙawarta ita ce Shamuwa, wadda in ta sauka kowa ya san damina ta zo.

Sai zamani ya juya. Shamuwa ta zo, ruwa ya ƙi zuwa. Zafi ya ƙaru, tafki ya yi ta janyewa har fatar bayan Dorina ta fara tsagewa.

Shamuwa ta ce, "Yaya, ki tashi. Akwai kogi a kudu, na gan shi da idona. Giwaye ma sun tafi."

Dorina ta ce, "Ke yarinya ce. A nan uwata ta koya mini nutso. A da, in na shiga tsakiya ko kunnena ba a gani. Bado ya rufe ruwa, kifi na tsalle, kwaɗi ba sa barin kowa barci."

Shamuwa ta ce, "To yau ina kwaɗin?"

Dorina ta kasa kunne, ba ta ji ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Zan bi ki. Amma duk shekara ki je ki dubo mini tafkina."

Har yau Shamuwa tana zuwa. In ta dawo, Dorina ba ta tambayarta komai. Ƙafafunta kawai take kallo, ko za ta ga laka. Kullum a bushe suke.

Ƙurunƙus, ga kan ɗan ɓera nan, na ajiye muku.