Sandar da Nomau Ya Ƙi Baƙantawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake tafiya a ayari, wani bawan Allah masassaƙi, sunansa Nomau. Ku saurara da kyau, har da kai da ke hamma can baya.

Nomau ba shi da komai sai gizagonsa da 'yar rumfar da yake aiki a ƙarƙashinta. Yana sassaƙa akushi, yana sassaƙa kujera da muciya. Amma akwai hali guda da ya raba shi da abokan sana'arsa. Su in sun gama, sai su ɗora wa itacen ƙarfe mai zafi ya yi baƙi wuluk. Baƙin nan yana da kyau, ban hana ba, sai dai yana rufe komai, da mai kyau da marar kyau. Shi Nomau man kaɗanya yake narkawa da kakin zuma. Ba ya sa man gyaɗa, ya ce yana kiran kiyashi. Ba ya sa man shanu, ya ce in ya kwana biyu sai wari. Zai lakato kaɗan, kaɗan fa, ya murza da tafin hannu har itacen ya yi ɗumi, ya ajiye ya sha, ya goge abin da ya rage, sannan ya ƙara. In ka labta da yawa, danƙo zai yi ya kwashi datti. In ya gama, ruwa ba ya shiga itacen, amma kana ganin jijiyarsa ɗaya bayan ɗaya.

To, akwai wani tsoho makaho a unguwar, Baba Jatau. Labari ya iso masa cewa 'yarsa tana kwance ba lafiya a wani gari bayan duwatsu, ga ayari zai tashi washegari. Hanyar kuwa hawa ce da gangara, inda mai ido ma sai ya dafa. Ya zo ya ce, "Nomau, sandata ta tsufa kamar mai ita. Ka yi mini wadda zan jingina raina a kanta."

Nomau yana da busasshen reshe guda tak mai tsawon sanda. Ya fere shi, ya kankare, ya yi sumul. Ya lakato mai ya fara murzawa. Jama'a, kun san abin da mai yake yi? Mai ba ya rufa wa itace asiri. Yana shiga sai ga wani siririn layi ya fito, baƙi, kamar gashi, daga tsakiya ya nufi ƙasa. Tsaga ce a ciki, ta sha mai ta bayyana.

Nomau ya ƙura mata ido. Ya goge, tana nan. Ya kai rana ya duba, tana nan. Ya dogara a kan sandar da ƙarfinsa, ba ta ce ƙas ba. Ya ajiye, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya zaga gidajen masassaƙa neman wani itacen, duk ɗanye ne, ɗanyen itace kuwa ba ya karɓar mai, kuma lanƙwashewa zai yi a hanya.

Maƙwabcinsa Barau maƙeri ya gan shi yana ta kai da kawowa, ya ce, "Kai Nomau, lafiya kake zarya kamar kaza mai neman wurin ƙwai?" Da ya ga tsagar sai ya yi dariya. "Wannan? Kawo in ɗora mata ƙarfe ta yi baƙi. Mai sandar ma ba gani yake ba. Wa zai sani?"

Wa zai sani! Ku riƙe wannan tambaya, don Shaiɗan bai taɓa gajiya da ita ba.

Kada ku ce Nomau bai ji maganar ba. Ya ji ta har cikin ransa, ya ma miƙa sandar, sannan ya janye hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, don ya hango tsohon a kan gangara ya saki nauyinsa duka. Sai ya wuce gidan Baba Jatau ya gaya masa gaskiya.

Tsoho ya bi sandar da farce sama da ƙasa. "Ɗan nan, ni ban ji komai ba."

"Hannu ba zai ji ba, Baba. Mai ne ya tona ta."

"To ba ni haka. Ayari ba zai jira ni ba, ita ma yarinyar ban san ko za ta jira ba."

Ga mai kaya ya yafe, ko ba haka ba? Da ni ne ko kai, da mun ce alhamdulillahi, mun fita. Nomau ya ce, "Baba, ka ba ni zuwa safe." Ya koma gida zuciyarsa na ta tafasa. Yana shiga ya dafa ginshiƙin rumfarsa don ya numfasa, sai ya tsaya cak. Itacen kanya ne, ya shekara da shekaru yana bushewa a inuwa. Ya dubi gabas, hadari na haɗuwa, damina ta kama. Ya dubi kayan aikinsa. Ya ce bismillah, ya tumɓuke shi. Rumfa ta rusuna ta kwanta gefe guda.

Barau ya riƙe baki. "Ka rushe wurin cin abincinka saboda sanda?"

Nomau ya ɗauki gizagonsa. Ya yi ta fera har la'asar, ruwa ya sauko yana zuba a kan kayansa, shi yana rakuɓe a zaure. Da ya zo shafa mai, bai san abin da wannan ma zai nuna ba. Ya murza, ya duba. Ya juya, ya duba. Babu layi ko ɗaya.

Da safe ya kai wa tsoho. Baba Jatau ya shafa, ya sunsuna, ya ce, "Ƙamshin zuma nake ji, ba ƙauri ba. Me ya sa ba ka baƙanta ta kamar ta kowa ba? Ni da fari da baƙi ai duk ɗaya ne."

Nomau ya ce, "Kai ba ka gani, Baba, amma duk wanda ka gamu da shi a hanya yana gani. Ran da ta fara tsagewa, wani zai gaya maka kafin ta kayar da kai."

Hawaye ya zubo wa tsoho. Ya kama sandarsa ya bi ayari. Nomau kuwa ya ƙare daminar nan ba rumfa, yana aiki a zauren mutane.

To jama'a, amana ita ce abin da ka yi wa wanda ba zai iya bincikarka ba. Kowa a nan yana da makahonsa. Kai mai gyaran mota, mai motar bai san cikin inji ba. Ke mai sayar da hatsi, mai saye bai ga gindin buhu ba. Kai magini, mai gida bai ga abin da ka rufe da yaɓe ba. Sun jingina ransu a kan aikinku, kuna shafa musu baƙi, kyan ɗan maciji. Allah yana ganin tsagar. Gobe in ka je wurin sana'arka, ka nuna wa mai kaya aibin da shi ba zai gano ba, ko da rumfarka ce za ta kwanta. Allah Ya ba mu ikon yi.