Tsagar da Aka Rufe da Fenti

An yi wani mutum, mai sayar da tayoyin mota, da Allah ya buɗa masa har ya fara sayen gidaje yana zuba 'yan haya. A gidansa ba mugu ba ne. Yana wasa da 'ya'yansa, bai taɓa barin matarsa cikin rashi ba, kuma da wuya a riga shi zuwa masallaci. Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, kada wani ya ce labarin na azzalumai ne, ba nasa ba.

Dillalinsa na farko wani dattijo ne mai yawo da ƙafa, makullai suna ƙara a aljihunsa. In zai nuna wa mutum ɗaki, da aibin yake farawa. Nan yana yoyo, famfon nan ba ya kawo ruwa da rana. Wasu su kama, wasu su tafi.

Wata shekara mutumin ya sayi wani gida da araha a ƙarshen wani lungu. Ranar da suka je dubawa, dattijon ya nuna masa bangon ɗakin ƙurya. Ya tsage daga sama har ƙasa, yatsu huɗu suna shiga.

Dattijon ya ce, "Maigida, ba zan sa ɗan mutum a ɗakin nan ba sai an rushe bangon an sake shi."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, wai kai dillalina ne ko na 'yan haya?"

Washegari dattijon ya kawo makullan duka ya ajiye a kan teburin shago, ya yi sallama.

Sai aka haɗa mutumin da wani sabon dillali da ake kira Mai Turare, don kafin ka gan shi ka ji ƙamshinsa. Yana da ofis, yana da mota, bakinsa kamar zuma. A zamansu na farko mutumin ya gindaya masa sharaɗi ɗaya. Ya ce, "Ni ba na son ciwon kai. Kar ka kawo mini ƙorafi, kuma kar ɗan haya ya san ni ne mai gida."

Mai Turare ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ya kuwa cika alkawari. Ya sa aka cusa tsummoki da ɗan siminti a tsagar, aka shafe da fenti mai sheƙi. Mutumin ya san ba a kira magini ba, don ba a nemi ko sisi na gyara a wurinsa ba. Bai tambaya ba. Tun daga ranar bai sake taka lungun ba. Ina amfanin zuwa, tunda haya tana shigowa kan lokaci?

Yana da 'ya, autarsa, wadda ba ya haɗa ta da kowa. Mijinta makaniki ne mai zuciyar kansa, ba ya son a ce surukinsa ne ya ba shi wurin zama. Da suka sami haihuwa ɗakinsu ya yi musu kaɗan, ya je neman gida shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Wane ofis ya shiga? Na Mai Turare. Shi kuwa Mai Turare bai san iyalin maigidansa ba, bai taɓa zuwa ƙofar gidansu ba. Ya nuna masa ɗakin ƙuryan nan, fenti yana ta ƙyalli, makanikin ya kama suka tare.

Uwar Auta ta je ta ga wuri ta dawo tana yabo. Uban ya ce ma sha Allah, bai tambayi ko ina ne ba, shago ya ɗauke masa hankali.

Da ruwan sama ya kankama, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa. Auta ta gaya wa uwarta bango yana gumi, ƙasa tana zubowa a kan gado. Uwar ta gaya wa uban suna cin abinci.

Ya ce, "Mijin nata ya je ya matsa wa dillalin mana."

Ta ce, "Ya je har ya gaji. Wai mai gidan ya ce kar a kawo masa ƙorafi."

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Sai ya ce a ransa masu gida da yawa suna faɗin haka, ya ci gaba da ci. Ya 'yan uwa, Allah ba ya kama bawa bai nuna masa ba. Tambaya ɗaya ta rage masa: a wane lungu ne? Bai yi ta ba, don yana tsoron amsar.

Ranar wata Talata da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Auta ta kwantar da jaririnta a gado ta fita kwashe shanya. Yaron ya tsala kuka, ta zubar da kayan ta koma ta ɗauke shi. Ta kai bakin ƙofa ke nan bangon ya kwanta a kan gadon. Bulo ɗaya ya same ta a ƙafa. Yaron ko ƙwarzane bai yi ba.

Aka kira uban a waya ana yi masa kwatance. Kowace kwana aka faɗa, ya san ta. Da ya isa ƙofar gidan, sai ya zube a ƙasa. Maƙwabta suna ta tsine wa mai gidan da ba su sani ba, shi yana zaune a cikin taɓo a gabansu. Da bakinsa ya ce, "Ni ne."

Daga nan komai ya bi. Hukuma ta zo ta duba sauran gidajen, ta rufe mafi yawansu, don ba bango ɗaya aka shafe da fenti ba. Mai Turare ya kulle ofis ya ɓace da hayar da ya karɓa ta gaba. 'Yan haya suka kai ƙara. Aka sayar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, aka sayar da shago. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Amma ku ji rahamar Ubangiji. Bai ɗauke shi a ranar ba. Ya bar shi har ya sa surukinsa, makanikin nan, yana ɗaukarsa a mota gida gida yana neman gafarar waɗanda ya cuta. Wasu suka yafe. Wata mata ta rufe masa ƙofa, ya ce tana da gaskiya. Auta tana ɗingishi har yau, amma ita ta riƙa ba shi ruwa a baki, kuma ta ce ta yafe tun bai roƙa ba. Ya rasu jikansa yana wasa a gefen katifarsa. Ban ji wannan a bakin kowa ba, da idona na gani, kuma ban daina gode wa Allah a kansa ba.

Ya 'yan uwa masu gidajen haya, dillali hannunka ne. Abin da ya ɓoye da saninka, kai ka ɓoye. Cewa kar a gaya maka ba zai zama uzuri ba ranar da za a tambaye ka. Ka je ka ga gidanka da idonka. Ka tambayi wanda ke kwana a ciki. In ka sami dillalin da yake faɗa maka abin da ba ka so, ka riƙe shi da hannu biyu. Kowane ɗan haya autan wani ne.

Allah ya ji ƙan mutumin nan, ya karɓi tubarsa. Allah ya saka wa waɗanda suka yafe masa da alheri. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da cin abin da zai faɗo a kan 'ya'yan mutane. Amin.