Sista da Kalmar Baba ta Ƙarshe

Akwai wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu. 'Ya'yansa duk ma'aikata ne, sai suka ɗauko masa mai jinya, Kirista, kowa na kiranta Sista. Ita ke juya shi, ita ke zuba masa ruwan alwala, amma ranar Lahadi ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta je coci.

Wata rana da hantsi numfashin Baba ya canza. Gidan ba kowa sai su biyu. Ya damƙe hannunta, da ƙyar ya ce, "'Yata, harshena ya yi nauyi. Faɗi kalmar, in bi ki."

Kalmar shahada yake nufi.

Jama'a, nan fa ake yin ta. Sista ta san kalmar sarai, kullum tana jin ta a ɗakin. Amma ita ga Yesu Almasihu ta ba da gaskiya, ba za ta shaida abin da zuciyarta ba ta riƙe ba. Barin tsohon nan ya tafi haka kuma ba zai yiwu ba.

Ta kira babban ɗansa, waya a kashe. Sai ta zura waje ko takalmi babu, ta tsallaka titi wurin wani mai facin taya.

"Malam, taso! Baba na neman mai laƙƙana masa shahada."

"Sista, dubi hannuna, duk baƙin mai."

"Bakinka nake so, ba hannunka ba. Taso!"

Mai faci ya durƙusa a bakin gado yana faɗa a hankali, Baba na bin sa. Sista na riƙe da kansa, tana tata addu'ar a zuci, hawaye na zuba. A karo na uku Baba ya kai ƙarshen kalmar, ya cika.

Da ɗan ya iso ya ji yadda aka yi, ya ce cikin kuka, "Da bai jira dawowarki ba fa? Me ya hana ki faɗa kawai?"

Ta ce, "Yaya, na ji wannan tsoron, shi ya sa na yi gudu. Amma shekara biyu ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Ba zan fara a ranarsa ta ƙarshe ba."

Ya share hawayensa. Sannan ya matsa ya yi mata wuri a kan tabarma, cikin 'ya'yan mamacin.

Darasi: Riƙe bangaskiyarka da ƙarfi ba ya hana ka taya wani riƙe tasa. Ku tura wa 'yan uwa, Kirista da Musulmi, su ma su karanta.