Manomin da Ya Goya Mahaifiyarsa a Kogi

Akwai wani manomi da yake zaune da mahaifiyarsa a wani ƙauye a bakin kogi. Tsohuwa ce, ƙarfinta ya ƙare, shi kaɗai ne kuma ya rage mata. A tsakiyar damina sai zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka ba ta 'yan ƙwayoyin da ke gida, amma ciwon sai gaba yake yi, har ta daina cin abinci. Manomin ya ga idan bai kai ta asibiti ran nan ba, zai rasa ta. Asibitin kuwa yana hayin kogi, ga shi ruwan saman da aka yi ta yi ya cika kogin, har ya tafi da kwalekwalen da ake fito da shi.

Sai ya tafi wurin wani tsohon masunci wanda ya san kogin tun yana yaro, ya roƙe shi taimako. Tsohon ya ce akwai mashigi, wata siririyar hanya ta dutse a ƙarƙashin ruwa, amma hagu da dama duk zurfi ne. Ya ce shi zai fara wucewa da gorarsa, ya tsaya daidai inda hanyar ta ɓulla. Sa'an nan ya riƙe hannun manomin ya ce, "Ɗana, ni za ka duba. Kada ka kalli ruwan. Mai kallon ruwa mai gudu jiri ne yake ɗibarsa."

Tsohon ya ƙetare, ya tsaya a wancan hayi. Manomin ya goya mahaifiyarsa, ya ɗaure ta da zane tamau, ya shiga ruwa. Zafin jikinta yana ratsa rigarsa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Idonsa yana kan tsohon, ƙafarsa kuma tana samun dutse duk inda ya sa ta.

Mutanen ƙauye suka taru a gaɓa. Don suna ƙaunarsa ne, kowa ya shiga ba shi shawara da ƙarfi. Wannan ya ce ya karkata dama, wancan ya ce hagu ya fi, wata mace kuma tana kuka tana cewa ya dawo kawai. Zuciyarsa ta fara rabuwa, tafiyarsa ta ragu, amma bai waiwaya ba.

Da ya kai tsakiya, ruwa yana dukan ƙirjinsa, sai ya ji kukan akuya. Ya san kukan nan. Akuyarsa ce mai ciki, wadda ya ɗaure a fadama ya manta da ita saboda jinya. Ruwa ya tsinke igiyarta ya taho da ita, ga ta nan za ta wuce kusa da shi, kanta yana nutsewa yana fitowa. Ita kaɗai ce dabbarsa. Ya ce a ransa, miƙa hannu kawai zan yi.

Ya sauke ido kan ruwan, ya miƙa hannu. Nan take kogin ya fara juya masa, ya rasa ina ne gaba, ina ne baya. Ƙafarsa ta zame daga kan dutsen, suka nutse har kan tsohuwar ya shige ruwa. Ya yunƙura ya taso, yana neman wurin tsayawa bai samu ba. Ya ji zanen yana kwancewa, hannun mahaifiyarsa kuma yana saki daga wuyansa. Tana tari, ta ce masa a kunne da 'yar muryar da ta rage mata, "Bar ta ta tafi. Ɗaga kanka."

Ya ɗaga kai yana neman tsohon a wancan hayi, bai gan shi ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya yi kira, "Baba, ka cece mu!" Ashe tsohon ya riga ya shigo ruwan tun sa'ad da ya ga manomin ya kau da ido. Ga shi nan kusa, yana miƙo gora. Manomin ya cafke ta, tsohon ya jawo shi har ƙafarsa ta sake taka dutse. Bai tsauta masa ba. Ya dai riƙa ja da baya a hankali, fuskarsa tana duban ta manomin, har suka fita.

Suka kai tsohuwar asibiti, ta kuwa rayu, amma ruwan da ta shaƙa ya ƙara mata ciwon ƙirji, ta daɗe a kwance. Akuyar ba a ƙara ganinta ba. Manomin yakan zauna a bakin gadon, yana ta tuna yadda hannunta ya saki wuyansa.

Ma'anar wannan misali ita ce, kogin nan zaman duniya ne, siririyar hanyar kuma bangaskiya. Tsohon da ya fara wucewa shi ne Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya bi ta wahala da mutuwa kafin mu, yana kuma kiranmu mu dube shi.

Ku lura, 'yan'uwa, ba mugun abu ne ya kusa hallaka mutumin nan ba. Masu ihu a gaɓa masoyansa ne. Akuyar ma tasa ce, da guminsa ya same ta. Haka yake da mu. Ba kullum ne zunubi mai muni yake janye mu ba. Sau da yawa gona ce, ko kasuwa, ko wayar da ke hannunmu, ko damuwar abin da yara za su ci. Mukan ce, yau kawai zan bar addu'a, wannan Lahadi kawai zan fasa sujada. Kafin mu farga, mun rasa inda muka dosa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ba mu kaɗai muke cikin ruwan ba. Kowannenmu yana goye da wani. Akwai 'ya'yanka da suke koyon addu'a daga bakinka, akwai maƙwabciyar da take duban zamanki don ta san ko Almasihu gaskiya ne. In ka zame, da su za ka zame.

Wataƙila wani yana zaune a nan yau, ƙafarsa ta riga ta bar dutsen, kunya kuma ta hana shi faɗa. Ɗan'uwana, kada ka jira sai ka gyara tsayuwarka. Yesu ba ya tsayawa a gaɓa yana kallon mai nutsewa. Ka kira shi yanzu, tun da sauran numfashi a ƙirjinka.