Takardar da Colby Yake Jira

Darlene, Roy, ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan har ƙarshe. A shafinmu na iyali na sa shi, don in na kira ku a waya katse ni kuke yi.

Akwai wani saurayi, Colby Rasnake, ɗan jami'a, da ya zo tasharmu ta motar asibiti shekara uku da suka wuce. Kun san shekara talatin ke nan ina riƙe da 'yan sa kai na wurin. Na ga irinsa da yawa. Su yi horon taimakon gaggawa na wata huɗu, su hau mota shekara guda, su karɓi takardar yabo a hannuna, su wuce makarantar likitanci.

Colby yana da kai, kuma ya san yana da shi. Sati biyu da zuwansa ya fara gyara wa Loretta awon jini, matar da ta karɓi haihuwa goma sha ɗaya a bayan mota. Ta raɗa masa Babban Likita. In an ce ya wanke gadon marasa lafiya, sai ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Loretta takan ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, amai bai san ka ci jarrabawa ba."

Akwai kuma wani tsoho da ke kiran mu kusan kowane sati, ya zame daga kujera, a zo a ɗaga shi. Kun san shi. Kawunku Delbert ne, yayana.

Wata Talata da hantsi ya kira. Loretta ta fita wani kiran, sai na tura Colby da direba. Suka same shi zaune a ƙasan kicin yana dariya. Ya ce ƙeyarsa ce ta ɗan taɓa murhu, ba komai.

Ƙa'idar aiki ita ce a duba kai, a tambayi magungunan da mutum yake sha. Kwalaben suna jere a kan firij. A cikinsu akwai maganin tsinka jini, wanda ke sa ɗan bugu ya zama zubar jini a cikin kai. Colby bai duba ba. Ya miƙa masa takardar ƙin zuwa asibiti ya ce, "Sa hannu nan, Baba, ai mun saba."

Da yamma na kai wa Delbert wake da wainar masara. Na same shi a kwance, baki ya karkace.

Kun san ya rayu, kun san maganarsa ta ɗauke. Ga abin da ba ku sani ba.

Direban ya ba Colby shawara ya rubuta cewa ya tambaya, tsohon ne ya ɓoye. Ai Delbert ba shi da bakin ƙaryata kowa. Washegari yaron ya ajiye rahoto a gabana. Da kansa ya rubuta: ban duba ba, ban tambaya ba. Aka dakatar da shi wata shida, aka sa ya sake horo. Sa'o'insa suka tafi makaranta suka bar shi.

Na ɗauka ba zan ƙara ganinsa ba. Ya dawo. Yanzu shi ke wanke gado tun kafin a ce masa. Duk Lahadi yana zuwa gidan kula da tsofaffi ya yi wa kawunku aski. Ku sau nawa kuka je? Ku riƙe amsarku.

Jiya ya zo neman takardar yabo ta shiga makarantar likitanci. Ya ce, "Mama, in za ki rubuta, ki sa maganar Baba Delbert a ciki. In kuma ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba."

Ga abin da ke damuna. Ranar da kiran ya shigo, ni ce na ajiye waya na ce a gabansa, "Delbert ne kuma. Je ka ɗaga shi ka dawo." Girman kai da shi ya zo, amma raina yayana a bakina ya koya.

Darasi: Wanda ya kira ka sau ɗari, ka duba shi kamar yau ka fara ganinsa. Babba kuma ya iya bakinsa a gaban mai koyo. Ku tura wa duk wanda ɗansa ke son zama likita.

Ranar Juma'a ake rufe karɓar takardu. Hannuna na cikin wannan magana, ba ni zan yanke ta ba. Kawunku ne. Ku zo ku gaya mini, in rubuta ko kada in rubuta?