Kabar Giwa a Inuwar Rumbu

An yi wani sarki a ƙasar Tudun Gamji, ana kiransa Jatau, mai yawan kyauta, amma Allah Ya yi shi da gaggawar fushi. Wata rana wani falke ya kawo masa 'ya'yan kabar giwa uku da ya yanko daga gindin uwarsu, tsiron nan mai kaurin ganye a zagaye, wanda ruwansa ke sanyaya ƙuna. Sarki ya damƙa su ga Cindo, tsohon da ya shekara talatin yana kula da lambun fada.

Kashegari sarki ya tarar da su yashe a inuwar rumbu, ko rami ba a haƙa ba. Ya ɗauki ɗaya ya dasa da hannunsa, ya kwarara masa ruwa, sannan ya ce wa wazirinsa, "Mene ne hukuncin wanda ya wulaƙanta amanar sarki, in ba kora ba?"

Cindo dai ya sunkuyar da kai, don ba shi da wani gida sai bukkarsa ta cikin lambun.

Waziri Zubairu ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, ilimina bai kai ga lambu ba, kuma ba ya halatta in yanke hukunci a kan abin da na jahilta. Ina roƙon a jinkirta wata guda."

Sarki ya yarda da ƙyar. Safe da yamma yana shayar da nasa, har da yi masa kirari. Cindo kuwa sai da ya kwana bakwai ya dasa biyun a ƙasa mai yashi, ruwa ma sai jefi-jefi.

Da wata ya cika, na sarki ya ruɓe tun daga gindi, na Cindo sun fitar da sabon ganye. Aka tambayi Cindo dalili.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yanko su aka yi. In ba a bari bakin ciwon ya bushe ba, ƙasa da ruwa su ke kashe tsiron. Na so in faɗa ran nan, to fuskarka ba ta ba da hanya ba."

Kunya ta kama sarki ƙwarai. Ya mallaka wa Cindo bukkar da rabin lambun, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya ce, "Ku rubuta: hukuncin da aka dasa da ɗanyen fushi, ruɓewa yake yi a kan marar laifi."